Tarihin Koyon Fiɗar Maƙogwaron Yara: Daga Akuyar Ibn Zuhr Zuwa Mutum-mutumin Roba

Larabawa suna da wani karin magana da su kan yi wa mai koyon sana'a da jikin marasa gata, su ce yana koyon aski a kan marayu. Maganar da ɗaci, amma tambayar da ke cikinta babu wata sana'ar hannu da ta kuɓuta daga gare ta, watau wanda bai iya ba, da me zai fara? In ɗan maƙeri ya ɓata ƙarfe sai a mayar wuta a sake. In mai koyon ɗinki ya karkace sai a farke zare a sake. Likitan fiɗa kuwa abin aikinsa jikin mutum ne, a cikin jikin nan kuma da wuya a sami inda kuskure ya fi saurin kisa kamar hanyar numfashin ƙaramin yaro. Abin da wannan takarda za ta bi shi ne tarihin dabarun da likitoci suka yi ta nema, fiye da shekara 800 ke nan, domin hannun ɗan koyo ya fara sauka bisa wani abu dabam kafin ya sauka bisa wuyan yaro.

Dalilin da ya sa maƙogwaron yaro ya fita dabam

Kafin mu shiga labari ya kamata mu san girman abin da a ke magana a kansa. Ƙasa kaɗan da zakaran wuya akwai wani zobe na guringuntsi wanda ya kewaye hanyar iska gaba ɗaya, ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. A jariri faɗin ramin wannan zobe bai wuce milimita 4 ko 5 ba, watau bai kai kaurin fensir ba. To, a ce cuta ko gogar ƙarfen likita ta sa naman ciki ya kumbura da milimita 1 kacal a kewaye. Ramin da ya ke milimita 4 ya koma 2, filin da iska ke bi ya ragu da kashi uku cikin huɗu, wahalar jan numfashi kuwa ta ninka har sau 16. Babban mutum mai rami na milimita 8, in ya sami irin wannan kumburi, wahalarsa ba ta wuce ninki uku ba.

Bayan wannan, jikin jariri yana cin iska da sauri, ajiyar huhunsa kuwa kaɗan ce, saboda haka in numfashi ya tsaya ba ya daɗewa jininsa ya ke rasa iska. Malamin fiɗa yana iya barin almajirinsa ya yi ta lalube a wani sashe na jiki yana gyara masa. A nan babu wannan sarari.

Akuyar Ishbiliya

Tun zamanin Yunanawa a ke ambaton tsaga maƙogwaro don a buɗe wa iska ƙofa, amma yawancin masana sun guje shi, domin sun ɗauka guringuntsi in an yanke shi ba ya haɗewa. Mutum biyu na Andalus suka raunana wannan zato. Na farko shi ne Abul Ƙasim al-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013. A cikin littafinsa, al-Tasrif, ya ba da labarin wata kuyanga da ta yanke wuyanta da wuƙa, ya tarad da iska tana fita ta raunin, ya ɗinke, ta warke, ba abin da ya rage mata sai dishewar murya. Daga nan ya yanke hukunci cewa tsaga maƙogwaro ba lalle ya kashe ba.

Na biyu shi ne Ibn Zuhr na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1162. Shi bai jira tsautsayi ya kawo masa mai rauni ba. Ya sami akuya, ya tsaga fatar wuyanta, ya huda maƙogwaronta, ya yi ta jinyar raunin har ya rufe, akuya ta ci gaba da rayuwarta. Ya rubuta wannan a littafinsa, al-Taisir. Abin lura a nan shi ne tsarin tunaninsa: aikin da a ke shakkarsa, a fara gwada shi bisa abin da ya yi kama da mutum, a ga ƙarshensa, kana a yi maganar mutum.

Wannan tunani ba na Andalus kaɗai ba ne. Tsohon littafin fiɗa na Indiya da a ke danganta wa Sushruta ya umurci almajirai su koyi yanka bisa duma da kankana, su koyi ɗinki bisa ƙyalle da fata. A ƙasar Sin, a 1027, Wang Weiyi ya sa an zuba mutum-mutumin tagulla mai ƙananan huji don koyar da soka allura. A Faransa kuma wata ungozoma, Madame du Coudray, ta ɗinka ƙugun mace da jariri da ƙyalle da fata, Sarki Louis na 15 ya ba ta izini a 1759, ta shafe fiye da shekara 20 tana zaga larduna tana koya wa matan ƙauye karɓar haihuwa da shi. Guda daga cikin irin abin nata yana nan a gidan tarihi a birnin Rouen.

Zamanin mashaƙo

Abin da ya tilasta wa likitoci shiga maƙogwaron yara gadan-gadan shi ne mashaƙo. Cutar ta kan shimfiɗa wani tantani mai kauri a maƙogwaro, ya yi ta yaɗuwa har ya toshe iska, yaro ya shaƙe iyayensa suna kallo. Pierre Bretonneau na birnin Tours a Faransa shi ya raɗa mata sunan da Turawa ke kiranta da shi, a 1826, daga kalmar Yunananci mai ma'anar fata. Shekara guda kafin haka, a 1825, bayan ya gwada a baya bai dace ba, ya huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 4, ta rayu. Almajirinsa Armand Trousseau ya kai aikin Paris ya yaɗa shi. Amma waɗanda suka mutu bayan aikin sun fi waɗanda suka tashi yawa, iyaye kuwa ba su kan yarda ba sai yaro ya kai gargara, sa'an nan a kira likita da dare, ya yi yanka da hasken fitila bisa wuyan da ke ta fizga. Da yawa daga cikin likitocin nan ranar ce farkon yinsu.

A 1858 Eugène Bouchut ya kawo wata shawara a Paris, cewa a zura ɗan bututun ƙarfe ta baki a ajiye shi cikin maƙogwaro, ba sai an yi yanka ba. Majalisar likitoci ta ƙi, bisa rahoton Trousseau, aka bar maganar fiye da shekara 20. Wanda ya tashe ta shi ne Joseph O'Dwyer, likitan gidan renon jariran tsintuwa a New York. Ga marayun karin maganar nan a zahiri, mashaƙo yana ɗibarsu. Daga 1880 O'Dwyer ya duƙufa yana auna maƙogwaron yaran da suka mutu, yana gyara siffar bututu, yana gwadawa bisa gawa, har ya bayyana sakamakonsa a 1885, da jerin bututu kowane da shekarun yaron da ya dace da shi.

Aikin O'Dwyer na lalube ne tsantsa, ido ba ya ganin kome. A naɗe yaro cikin bargo, a zaunad da shi, a buɗe bakinsa da ƙarfe. Likita ya zura manunin hagu har ya taɓa ɗan marfin nan da ke rufe maƙogwaro lokacin haɗiya, ya ɗaga shi, ya bi gefen yatsan da bututu ya sake shi a ciki. Muddin yatsa yana wurin yaro ba ya numfashi, saboda haka duka aikin na 'yan daƙiƙu ne. In an kuskure bututu ya faɗa hanyar abinci, in an matsa da ƙarfi ya huda nama. Shi ya sa O'Dwyer ya yi ta gargaɗi kada kowa ya taɓa mai rai sai ya saba bisa gawa.

Sai dai gawar yaro ba kullum a ke samunta ba, ba kuma kowane uba ke bayarwa ba. Daga nan masu ƙera kayan likita a Jamus da Ostiriya, cikin shekarun 1890, suka shiga yin kan yaro na gwaji mai baki da harshe, wani da maƙogwaron roba, wani da na gaske wanda aka adana cikin magani, ɗalibi ya yi ta zura bututu yana zarewa. Da ma sun sami abin koyi. Tun da Manuel García, malamin waƙa, ya ga maƙogwaronsa da ɗan madubi a 1854, likitoci kuma suka karɓi dabarar, an yi ta ƙera maƙogwaron gwaji don koyon riƙe madubi, har a Faransa da Italiya aka yi waɗanda aka haɗa da ƙararrawar lantarki, in ƙarfen ɗalibi ya taɓa inda bai kamata ba ta kaɗa.

Jackson da 'yar tsanarsa

A 1897 Gustav Killian na Freiburg a Jamus ya zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe cikin huhun wani manomi ya ciro ɗan ƙashi da ya maƙale. Shi ma sai da ya gwada bisa gawa tukuna. Wanda ya mai da wannan aiki sana'a mai ƙa'ida shi ne Chevalier Jackson na Amurka, wanda aka haifa a 1865 ya rasu a 1958. Ya yi aiki a Pittsburgh, daga baya ya koma Philadelphia. Abubuwan da ya ciro daga huhu da maƙoshin mutane, yawancinsu yara, ya kan ajiye su, yau guda 2,374 suna gidan tarihi na Mütter a Philadelphia: fil, ƙusa, maɓalli, kwabo, ƙashi, da kayan wasa. Ya kuma yi bayanin irin mugun kumburin da ƙwayar gyaɗa ke haddasawa in ta faɗa huhun ƙaramin yaro, saboda man da ke cikinta.

Matsalar Jackson wajen koyarwa ita ce bututun ido ɗaya ya ke ɗauka. Sa'ad da almajiri ke leƙawa malami ba ya ganin abin da ya ke gani, balle ya ce masa tsaya. Saboda haka ya tsara matakai. Da fari ɗalibi ya sami bututun roba daidai faɗin hanyar iskar yaro, ya jefa fil ko maɓalli a ciki, ya yi ta cirowa da dogon hantsaki har ido ya saba da auna zurfi, yatsu su saba da jin abin da suka kama. Daga nan sai gawa, sai kare da aka sa wa maganin barci, domin a ga huhu mai motsi. Shi kansa, da ƙwarewarsa duka, in aka kawo yaron da ya shaƙi wani abu baƙo, ya kan nemi a kawo masa irinsa, ya sa cikin roba ya yi ta juya shi har ya gano ta inda zai kama shi tsininsa bai yaga nama ba, kana ya taɓa yaron. Yana kuma da wata 'yar tsana mai suna Michelle, mai maƙogwaro irin na yaro, wadda ya ke nuna wa likitoci huda wuya na gaggawa da ita. A 1921 ya yi kashedi mai ƙarfi cewa huda maƙogwaro can sama, kusa da zoben guringuntsin nan, shi ke jawo tabon da ke tsuke hanyar iska har abada.

Cuta ta ja baya, wata ta taso

A 1890 Behring da Kitasato suka gano makarin dafin irin wannan cuta a Berlin, a 1894 Émile Roux ya nuna amfaninsa ga yara masu mashaƙo a Paris, a 1923 kuma Gaston Ramon ya samo hanyar yin allurar rigakafi. Da rigakafi ya game Turai da Amurka sai mashaƙo ya yi ƙaranci, bututun O'Dwyer da kawunan gwajinsa suka koma gidajen tarihi. Koyon fiɗa ya tsaya bisa tsarin da William Halsted ya kafa a asibitin Johns Hopkins tun wajen 1889, watau almajiri ya zauna shekaru a asibiti, ya ga an yi, ya yi a gaban malami, ya koya wa na bayansa. Tsarin ya fid da gwanaye, amma sharaɗinsa shi ne a sami majinyata da yawa masu ciwo iri ɗaya.

Ba a daɗe ba sabuwar larura ta fito daga inda ba a zata ba. A 1965 McDonald da Stocks a Ostareliya suka nuna ana iya barin bututun roba cikin maƙogwaron jariri kwana da kwanaki ana hura masa iska. Dubban bakwaini da da ba za su rayu ba suka rayu. Amma a wasunsu bututun ya kan goge zoben nan, ya warke da tabo, hanya ta tsuke, yaro ya girma da huji a wuya, ba ya magana sosai, in hujin ya toshe da dare kuwa sai mutuwa. Gyaran wannan shi ya haifi fiɗar maƙogwaron yara ta zamani. Blair Fearon da Robin Cotton a Toronto suka bi sawun Ibn Zuhr, suka fara da birai, suka bayyana a 1972 cewa ana iya tsaga zoben a soka guntun guringuntsi a tsakani don ramin ya faɗaɗa. Evans da Todd a Landan suka kawo tasu hanyar a 1974. Cotton, bayan ya koma Cincinnati, ya kafa yin amfani da guringuntsin haƙarƙarin yaron kansa, a 1993 kuma Philippe Monnier na Lausanne ya ba da labarin yanke tsukakken wurin ɗungum a haɗa baki da baki.

Ayyukan nan suna da wuya, masu bukatarsu kuwa kaɗan ne, har almajiri ya iya gama shekarunsa bai ga fiye da 'yan ƙalilan ba. Ga shi kuma guringuntsin da aka ciro daga ƙirjin yaro ɗan guntu ne, dole a sassaƙa shi kamar ɗan kwalekwale mai kafaɗa don kada ya zame ya faɗa cikin hanyar iska. In wuƙa ta zarce, sai an koma ƙirjin yaron an ciro wani. Tsarin Halsted bai isa nan ba.

Komowar mutum-mutumi

Taimako ya zo daga wasu sana'o'i. A 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama a ƙasa, aka horad da matuƙa masu ɗimbin yawa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1960 Asmund Laerdal, mai yin 'yan tsanan roba a Stavanger ta ƙasar Norway, ya fito da Resusci Anne don koyon hura wa wanda ya suma iska baki da baki. A 1967 Abrahamson da Denson a Jami'ar Kudancin California suka nuna Sim One, mutum-mutumi mai numfashi da bugun zuciya wanda kwamfuta ke sarrafawa, don koya wa masu ba da maganin barci zura bututu. Tsadarsa ta hana shi yaɗuwa, sai a ƙarshen shekarun 1980 David Gaba na Stanford ya farfaɗo da abin, ya ƙara da horad da ma'aikatan ɗakin fiɗa gaba ɗaya bisa yadda a ke horad da ma'aikatan jirgi. Wannan ya dace da maƙogwaron yaro ƙwarai, domin likitan fiɗa da mai ba da maganin barci rami ɗaya su ke rabawa, in ɗaya ya shiga ɗaya ya ja baya, rashin jituwarsu na rabin minti kuwa ya isa ɓarna.

Abu biyu suka ƙara tura jama'a. A 1999 wani rahoto na Cibiyar Likitanci ta Amurka ya ƙiyasta mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kuskure. A 2003 kuma aka taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa a can zuwa awa 80 a mako, watau lokacin gani da yi ya ragu. Hujja ma ta samu: a 2002, a Jami'ar Yale, aka raba likitoci 16 gida biyu, waɗanda suka yi gwaji bisa na'ura kafin cire matsarmama suka fi sauri, kuskurensu kuma ya gaza na sauran nesa ba kusa ba.

Yau mai koyon fiɗar maƙogwaron yara yana da abu iri uku. Akwai maƙogwaron dabba, na ɗan rago ko ɗan akuya ko zomo, wanda ke ba da taushin nama na gaske da yadda zare ke kama guringuntsi, sai dai siffarsa ba ta mutum ba ce sak. Akwai jaririn roba mai kuka da shuɗewar leɓe, wanda ke koyar da natsuwa da haɗin kai, amma ba ya yankuwa kamar nama. Akwai kuma wanda a ke ɗaukar hoton cikin wuyan yaro da na'ura, a ba injin da ke gina abu hawa bisa hawa ya fid da irinsa da roba mai taushi. Jami'ar Michigan, inda Glenn Green da Scott Hollister suka ƙera wa wani jariri abin tallafe hanyar iska da irin wannan inji a 2012, tana cikin waɗanda suka yi gaba wajen yin maƙogwaro da guringuntsin gwaji. Da wannan likita ya kan iya gwada aikin yaro takamaimai tun kafin ranar fiɗa, abin da Jackson ke yi da bututun robarsa ke nan. Babu ɗaya cikin ukun da ke zub da jini ya kumbura ya warke da tabo kamar yaro mai rai, shi ya sa har yanzu matakin ƙarshe a gaban malami a ke yinsa.

Abin da ya shafe mu

Labarin nan na Andalus da Turai da Amurka ne, amma ƙarshensa ya iso ƙofarmu. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, Jihar Kano ta fi kowace yawan masu kamuwa, a 2023 kuma ya bayyana a yankin Damagaram na Nijar, yawanci ga yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Likitocin da a littafi kaɗai suka san cutar suka wayi gari da yaro yana shaƙewa a gabansu, kamar yadda takwarorinsu na Paris suka yi a zamanin Trousseau. Gyaɗar da Jackson ya yi kashedi a kanta kuwa tana cikin kowane gida namu, tana kuma cikin abubuwan da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka fi cirowa daga huhun yara. Hanyar O'Dwyer ta koyo bisa gawa ba mai sauƙi ba ce a inda a ke gaggauta jana'iza, iyaye kuma ba su cika yarda a taɓa mamaci ba.

Amma tarihin ya nuna ƙwarewa ba ta taɓa rataya ga tsadar abin gwaji ba. Sim One mai kwamfuta ya mutu da tsadarsa, bututun robar Jackson kuwa ya yaye likitoci daga ƙasashe da dama, domin a bayansa akwai malami mai tsara matakai, mai tsayawa a maimaita har hannu ya faɗa, mai hana ɗalibi wuce mataki sai ya ga ya iya. Malaman kwalejojin horo sun san wannan, tun da su ma ba su kan tura ɗalibi gaban aji ba sai ya gwada darasinsa a gaban 'yan'uwansa an gyara masa. Maƙogwaron ɗan akuya, irin wanda Ibn Zuhr ya fara da shi, ana samunsa kowace safiya a kwatar kowane gari namu da kuɗi kaɗan. Abin da ya rage shi ne makarantun likita su sa wa wannan gwaji lokaci cikin jadawali, su ba shi malami, su kuma mai da shi sharaɗi kafin a miƙa wa almajiri wuƙa bisa wuyan yaro.